Ranar da Malam Gajere Ya Gyara Hula

A Bakura, a unguwar da ke bayan tsohuwar kasuwa, idan namiji ya rasu, kafin a aika wa liman, kafin a ɗauko diga da shebur, gidan Malam Gajere ake fara aikawa. Shi ne mai wankan gawa, kuma shekara talatin da huɗu ya yi yana yi. Ba sana'arsa ba ce, don ko goro ba ya karɓa a kai. Abincinsa yana cikin albasa da shinkafar da yake nomawa a filin ban-ruwa na Bakolori.

Sunansa na yanka Abdulrashid, amma ko shi kansa in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga wa ake nufi. An haife shi ɗan mitsitsi, kakarsa ta laƙaba masa Gajere, sai Allah ya yi ikonsa yaro ya miƙe ya yi ta miƙewa, har sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansu. Sunan dai ya riga ya zauna.

A wurin baffansa ya koyi aikin. Tsohon ya nuna masa yadda ake naɗe hannu da tsumma, yadda ake lulluɓe mamaci daga cibiya zuwa gwiwa, yadda ake farawa da dama, da ruwan ganyen magarya, da turare a wankan ƙarshe. Wannan duk cikin mako guda ya iya. Ranar da zai fara shiga shi kaɗai, tsohon ya riƙe masa hannun riga a bakin ƙofa ya ce, "Abin da duk kag gani a ɗakin ga, a ɗakin ga za ka baro shi. In alheri ne kana iya hwaɗi. In ba shi ba ne, ba ka gani ba. Mamaci ba ya iya jan zane shi ruhe kainai, kai ne zanenai."

Kuma a gaskiya ya riƙe. Ya wanke masu kuɗi, ya wanke malamai, ya wanke waɗanda aka tsinto a bakin hanya a shekarun nan da ba a son tunawa. Jikin mutum kuwa yana ɗauke da labarin da bakinsa bai taɓa bayarwa ba: tabo, da laya, da ciwon da aka ɓoye wa iyali. Duk ya gani. Matarsa Taibatu, lokacin tana amarya, ta sha gwada shi. Ya dawo ta tare shi da, "To, yaya kag gan shi?" Sai ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ba ni ruwa." Da ta gaji ta daina.

Aboki ɗaya gare shi na gaske, Hamma, Bafulatanin da kakanninsa suka ajiye sanda suka kama fartanya. Gonakinsu na maƙwabtaka, kwata ɗaya ke ba su ruwa, kuma babu makon da zai wuce ba su yi cacar baki a kan wa ya karkatar da ruwan wa ba. Duk garin Gajere ake cewa, Hamma kaɗai ke kiransa Dogo, don neman magana. Wata rana sun dawo daga jana'iza, sun zauna a gindin mangwaro suna wanke ƙafa, Hamma ya ce, "Dogo, in na riga ka, kai za ka wanke ni. Ba don hannunka ba, hannunka na mai faskare ne. Don bakinka." Gajere ya ce ya ji ya ɗauka. Da wasa aka faɗe ta, amma daga ranar ta zama alkawari, kuma a duk abin da ya mallaka babu wanda yake ji da shi kamar wannan maganar.

Sai dai akwai wani ɗan abu da ke cin sa a rai, wanda ko Taibatu bai taɓa gaya wa ba. In an gama jana'iza, liman ake yi wa godiya, sai wanda ya sayi likkafani, sai manyan baƙin da suka zo da mota. Shi da ya yi abin da ko 'ya'yan mamacin ke tsoron yi, yana can sahun baya da jiƙaƙƙen hannun riga. A majalisa in ana gardamar taki ko ta siyasa, ba a taɓa juyowa an ce, "Malam Gajere, kai mi kag gani?" ba. Yakan ce wa kansa bai damu ba. Ƙarya yake, ya damu.

Ana haka Sadi Ɗan Barira ya rasu.

Wanda bai san Sadi ba, to ba ya hawa babur a ƙasar nan. A lungun su Gajere ya tashi, uwarsa Barira mai daddawa ce, gida shida ne tsakaninsu. Ya fara da waƙar biki, ya tafi birni, muryarsa ta shiga kowace waya. Daga tashar Talata Mafara har Maradun, ba shagon cajin da za ka wuce ba ka ji shi ba. Yana da shekara talatin da bakwai, ranar wata Laraba, ya yanke jiki ya faɗi a masaukinsa a birni, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Washegari da hantsi aka kawo shi gida.

Bakura ba ta taɓa ganin irin wannan taro ba, kuma ba ta taɓa ganin irin wannan rashin ta-ido ba. Mutum ya zo jana'iza, maimakon ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sai ya ɗaga waya. Samari sun hau katangar maƙabarta, wasu sun hau darbejiya. Wani ya zo da sanda mai tsawo ya maƙala waya a kanta yana leƙa cikin gidan mata da ita. Barira da kanta ta aiko, ta ce Gajere ne zai wanke shi, kuma a rufe ƙofa. Ya shiga da ƙanen mamacin mai zuba masa ruwa, ya sa shi ya bar wayarsa a waje.

A nan ya ga abin da ya gani. A kan cikin Sadi, gefe da gefen cibiya, da kuma saman cinyoyinsa inda zane ya ɗan zame, akwai ɗigo-ɗigon tabo masu yawa, wasu sun yi baƙi, wasu wuraren fatar ta yi tauri. Bai san ko na mene ne ba, ya dai gane sawun allura ne. Ya ja zane ya rufe, ya gama aikinsa, ya fito. Aka sallaci Sadi aka kai shi.

Kafin sadakar uku, labari ya kasu gida goma a waya. Wannan ya ce guba abokan waƙa suka sa masa. Wancan ya ce shaƙe shi aka yi saboda matar wani. Wani ya rantse jifa ne. Kowa da hoton Sadi yana dariya, an zagaye fuskar da jan layi, an sa kiɗan tausayi a ƙasa. Mutanen da ba su taɓa taka Bakura ba suna ba da labarin abin da ya faru a ɗakin Barira kamar a gabansu aka yi.

Rana ta huɗu, da hantsi, Gajere yana cikin albasa yana buɗe wa fangali ruwa, sai ga babur ya tsaya a kan hanyar gona. Mai babur ɗin Imrana ne, wani ɗan Talata Mafara mai kimanin shekara talatin, wanda ke da tashar labarai a intanet. Farar riga, turare, fara'a. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin gona, ya durƙusa a cikin laka bai damu da rigar ba, ya yi gaisuwa mai tsawo: kwana, gajiya, iyali, aiki, ruwa, haƙurin rashi. Wallahi ko ɗan cikinka bai fi haka ladabi ba.

"Baba Malam," in ji shi, "ban zo tambayar sirri ba. Na san ko wane ne kai. Na zo ne ka taimaka ka kashe wutag ga. Ana cewa an shaƙe bawan Allah, ana cewa an soke shi. Tsohuwatai na ji, ɗiyatai na ji."

Gajere ya ce, "Yaro, mu ba mu magana. Tashi ka tahi."

Imrana bai tashi ba. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Likita ya yi shiru, dangi sun yi shiru. Masu ƙarya kaɗai ke magana. Duk ƙasag ga, daga nan har birni, ba wanda ya san gaskiya sai mutum guda, kuma ga ni gabanai."

Shekara sittin da ɗaya Gajere ya yi a duniya, ba a taɓa gaya masa irin wannan ba. Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya ce a ransa, ai kare mamaci zan yi, alheri ne, kuma an yarda a faɗi alheri. Imrana ya ciro waya, ya maƙala masa wani ɗan abin ɗaukar magana a wuyan riga. Kada wani ya ce tsohon bai san abin da ake yi ba. Ya sani sarai. Ya ga wayar ta kalle shi, ya goge lakar hannunsa a bayan wando, ya miƙe tsaye sosai, ya sa hannu biyu ya gyara hularsa.

Can a tsallaken kwata Hamma yana tsaye ya dogara da fartanya. Nisan ya fi a ji magana, amma bai fi a gani ba.

"Ni niw wanke shi da hannuna," in ji Gajere. "Ba a shaƙe shi ba, ba a soke shi ba. Huska tai fes, kamar mai barci. Jama'a su ji tsoron Allah su bar ƙarya."

Da a nan ya tsaya, da ba a ba da wannan labari ba. Amma Imrana bai sauke wayar ba. Ya tsaya yana gyaɗa kai, yana kallonsa kamar ɗalibi a gaban malami, sannan ya ce a hankali, "Wato ba ka ga komi ba ke nan, Baba? Komi da komi?"

Daɗin a saurare ka wani abu ne. Gajere bai so ya ƙare ba, kuma bai so a ce wanda ya fi kowa sani bai san komai ba.

"To, sai dai tabon allura," in ji shi. "Ga ciki da cinya. Ba ɗaya ba, ba goma ba."

Imrana ya yi godiya, ya sake durƙusawa, ya sa takalmi ya tafi. Ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba Gajere ya waiga tsallaken kwata.  Hamma ya riga ya sunkuya yana aikinsa.

Kafin la'asar abin ya fita. Maganar da ya yi ta kusan minti huɗu, an yanke ta ta koma numfashi biyu. An cire "ba a shaƙe shi ba," an cire "a ji tsoron Allah." An bar tsoho dogo da hula a daidaice yana cewa tabon allura, ba ɗaya ba, ba goma ba, kuma an maimaita wurin sau uku. A sama da jajayen haruffa an rubuta: DA ƊUMI-ƊUMI, MAI WANKAN GAWA YA TONA ASIRI, ALLURAR MAYE CE TA KASHE SADI. Wasu tashoshin suka ɗauka suka ƙara gishiri. Masu nasiha a waya suka samu abin yi, suna ta jan kunnen matasa da sunan Sadi. Waɗanda jiya suke kuka da waƙarsa, yau suna rubuta cewa su dama sun daɗe da zargi.

Maƙwabciya ce ta kawo wa Taibatu wayar har gindin murhu. Da Gajere ya shigo bayan magariba ta ajiye masa tuwo, ta koma gefe ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara talatin ina dahwa maka tuwo," in ji ta, "ko sau ɗaya ba ka gaya man abin da kag gani ba. Har alfahari nike da hakan cikin mata. Ashe jira kake mai hwarar riga shi zo."

Bai iya cin tuwon ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda mutum ke jin nauyin fatar jikinsa.

Ranar Talata ya hau mota zuwa Mafara, ya yi ta tambaya har aka nuna masa shagon Imrana a bayan tasha. Imrana ya tashi da sauri ya ba shi kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. Gajere ya ce ya zo ne a cire abin nan.

"Baba, ko na cire nawa, ya riga ya tahi," in ji Imrana. "Yana wayar mutum dubu nawa. Kuma tsakani da Allah, ban ƙara maka ko kalma guda ba. Muryarka ce." Ya ɗan matso. "Amma akwai dabara. Mu yi kashi na biyu, ka zauna ka yi bayani da kyau. Jama'a na son ka, Baba, suna ta tambaya."

Abin da ya fi ba Gajere tsoro shi ne, da ya ji "jama'a na son ka," wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinsa, duk da halin da yake ciki. Ya tashi bai sha ruwan ba. A tasha wani ɗan kamasho ya ƙura masa ido, ya washe baki ya ce wa abokansa ga tsohon allura nan, ya matso yana son su ɗauki hoto tare. Gajere ya shige mota ya sunkuyar da kai har Bakura.

Sai da ya kwana biyu yana zagaye lungun kafin ya iya yin sallama a gidan Barira. Ya same ta a tsakar gida da rana, tana zaune kan tabarma, kalwar daddawa a gabanta ba ta taɓa ba. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage masa ko guda ba. Da ma zagi ta yi da ya fi masa sauƙi.

Da ya fara neman gafara sai ta ɗaga hannu. Ta tashi da ƙyar ta nufi inda randa take a inuwa, ta durƙusa, ta tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindinta, ta ciro wani gwangwani. Ta buɗe a gabansa. 'Yan ƙananan kwalabe ne a ciki, guda uku, ɗaya saura rabi.

"Ciwon suga," in ji ta. Ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne. "Shekara goma sha ɗaya yana tare da shi. Kullum allura sau biyu, sahe da marece. In ya zo gida nan nike aje mai su, don ba su son zahi. Ran da hannunai ke rawa ni ke yi mai, da hannun ga. Yac ce kada kowa shi ji. Yac ce in anka ji mawaƙi na ciwo, sai a daina kiranai wurin murna, a koma kallonai da tausai."

Gajere ya kasa ɗaga ido daga gwangwanin.

"Malam, gida nawa ne tsakaninmu?"

"Shida," in ji shi.

"Da abin ya dame ka, da ka tako ka tambaye ni. Ɗiyatai Mufida ta ƙi komawa makaranta, wai ana ce mata ɗiyar ɗan maye. Shekaratta goma."

Nan ya ga wata ƙofa, ya yi wuf zai shiga. Ya ce zai tashi a masallacin Juma'a ya faɗi gaskiya, zai koma wurin yaron nan a ɗauke shi, ya gaya wa duniya ciwo ne ba maye ba. Barira ta mayar da murfin gwangwanin ta danne.

"A'a. Shi ya ruhe abinai shekara goma sha ɗaya. Ka buɗe rabi ba da izninai ba, yanzu kana son ka buɗe sauran don ka wanke kanka. Ban nuna maka don ka kai gaba ba. Na nuna maka ne don ka san abin da kay yi. Ni nic ce kai za ka shiga ɗakin nan, ni nic ce a ruhe ƙohwa." Ta mayar da gwangwanin cikin yashi ta binne. "Tahi, Allah shi yahe muna baki ɗaya."

Haka ya fito da gaskiyar a cikinsa, ga ta ga maganin ƙaryar, kuma ba shi da ikon faɗi. Wannan karon ya riƙe. Duk wanda ya tare shi da zancen, sai ya ce Allah ya jiƙan Sadi, ya wuce. Bayan mako uku masu waya suka samu wani sabon abin, wata 'yar wasa da mijinta, suka bar Sadi da sunan da aka laƙa masa.

Mutanen Bakura ba su zage shi ba, ba halinsu ba ne. Ana gaishe shi a masallaci, ana amsa masa a kasuwa. Sai dai da wani tsoho maƙwabcinsa ya rasu, sai kuka ya jiyo, kuma da ya fita ya tarar an riga an ɗauko wani Malam Buba daga unguwar gabas ya yi wankan. Ya ce wataƙila sun zo ba ya nan. Aka yi rasuwa ta biyu, aka yi ta uku, ba a aiko masa ba. Jakar da yake ajiye sabulu da tsumma da turare ta zauna a rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi mata saƙa.

Hamma ne kaɗai bai canza ba. Yana nan yana kiransa Dogo, yana nan yana rantsuwa an sace masa ruwa. Gajere ya riƙe wannan da hannu biyu. Ya ce a ransa, ko duk gari sun juya, akwai mutum ɗaya da ya ba ni amanar jikinsa, kuma bai karɓe ba. Sau ɗaya ya gwada buɗe zancen, suna tsaye a bakin kwata.

"Hamma, ran nan da yaron nan yaz zo, wallahi nufina..."

"Na gan ka," in ji Hamma, bai ɗago ba. "Ban ji abin da kac ce ba, amma na ga ka gyara hula. Buɗe man ruwa, rana na yi."

Bai sake tayar da maganar ba, Hamma ma haka.

Da rani ya zagayo, bayan an cire albasa, Hamma ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. An kai shi asibiti a Mafara an dawo da shi. Kullum bayan la'asar Gajere na gefen shimfiɗarsa, suna faɗan ruwan bara, Hamma na dariya har tari ya sarƙe shi. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci alkawari a cikinsu. Gajere ya so ya tambaya, tsoron amsar ya hana shi.

Ranar wata Asabar, an fito sallar asuba gari ya fara haske, aka sanar a ƙofar masallaci cewa Hamma ya cika. Gajere ya yi salati, ya share ido, ya nufi gida da sauri. Ya sauko da jakar ya kakkaɓe ta. Ya sa sabon sabulu, ya yanko tsumma daga farin ƙyalle mai tsabta, ya fita bayan katanga ya tsinko ganyen magarya ɗanye. A al'adar aikin, mai wanka ba ya kai kansa, sai an aiko. Don haka ya shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye jakar a kan cinya, ya zauna yana fuskantar ƙofa.

Rana ta fito. Masu zuwa gona suka wuce, masu tallar koko suka wuce. Taibatu ta leƙo ta koma, ta sake leƙowa ta ajiye masa kunu, bai taɓa ba. Duk takun da ya ji sai ya gyara zama. Ganyen magaryar ya fara yaushi a cikin jaka.

Sai da hantsi ya ɗaga sosai aka yi sallama. Zubairu ne, babban ɗan Hamma, magidanci mai 'ya'ya huɗu, idonsa jawur. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Suka yi wa juna gaisuwar rashi. Gajere ya rataya jakar a kafaɗa ya yunƙura zai tashi.

"Baba, zauna tukuna," in ji Zubairu. Yana kallon ƙasa. "Baffa ya bar man saƙo gare ka, tun shekaranjiya. Yac ce in gaishe ka da kyau. Yac ce ka yahe mai ruwan da ya sha karkatarwa, wai duk shi ne, ba kai ba." Ya ci gaba da cewa, "Yac ce kuma alkawarin da ke tsakaninku, ya sauke maka shi, kada ka ɗauke shi da nauyi. Yac ce kada a gaya maka sai an gama. An gama, Baba. Yana cikin likkahwani. Kai aka jira a yi salla."

 Gajere ya so ya tambayi wanda ya yi wankan, sai ya ga ba shi da bakin tambaya. Ko a nan Hamma bai tozarta shi ba, ya aiko masa da gaisuwa, ya sa a jira shi. Jikinsa ne kawai bai yarda ya bar masa ba.

"Na yahe mai," in ji shi. "Allah shi jiƙan shi. Mu tahi."

Ya sauke jakar daga kafaɗa ya ajiye a kan buzu. Ya laluba ya ɗauki hularsa ya ɗora yadda ta faɗa, ya sunkuya zai fita. Taibatu tana tsaye a ƙofar cikin gida, ta ji komai.

"Malam," in ji ta a hankali, "hularka ta karkace."

Ya ji ta. Ya bi bayan Zubairu da ita a haka.